Baƙon Yini Guda a Alƙahira

A bakin Bahar Rum, can arewacin ƙasar Masar, akwai wani tsohon birni ana kiransa Iskandariyya. Sarki Iskandar, mutumin ƙasar Makidoniya, shi ya kafa shi a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa masa sunansa. Tun daga zamanin nan har yau jiragen ruwa ba su daina tsayawa a tasharsa ba. Waɗansu na kaya ne, waɗansu kuwa na masu yawon buɗe ido ne, waɗanda su ke bin teku gari gari don kallon duniya. Irin wannan jirgi kamar unguwa guda ya ke, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna. Ya kan iso tasha da sassafe, mutane su sauka su shiga gari su yi kallo, da dare kuma ya kwashe su ya yi gaba.

Da yawa daga cikin masu sauka a Iskandariyya ba ita ce a ransu ba. Abin da su ke marmarin gani shi ne Alƙahira, babban birnin Masar, da dalolin nan na Giza da ke gefensa. Tsakanin biranen nan biyu akwai wajen kilomita 220, watau tafiyar sa'a 3 ke nan a mota ta hanyar hamada.

Hanya biyu ce baƙo ya kan bi. Ko dai ya shiga babbar motar da masu jirgi suka tanada, shi da mutum arba'in ko hamsin, inda aka tsaya ya tsaya, inda aka tashi ya tashi. Ko kuwa ya ɗauki shatar ƙaramar mota, shi da iyalinsa kaɗai, da direba, da ɗan jagora wanda ya san gari ya kuma ji harshensa. Mai shata shi ke da ikon yininsa. Shi zai ce a je nan, a bar can, a daɗe nan, a gaggauta can. Wannan daɗi ne babba, amma yana tafe da nauyi. In motar masu jirgi ta makara, jirgi ya kan jira ta, don tasa ce. In mai shata ya makara, ba mai jiransa. Sai ya iso tasha ya tarar da ruwa fayau, kayansa da gadonsa sun yi nisa cikin teku, shi kuwa ga shi tsaye a ƙasar da bai san kowa ba.

To, wanda aka ba wannan iko, yaya ya kamata ya yi da shi? Abin da ya fi shi ne ya zaɓi wuri uku, ko ma biyu, ya tsaya ya dube su da kyau, ya haƙura da sauran. Mutane da yawa ba su yarda da wannan ba, saboda haka ya kamata a kawo dalili.

Alƙahira birni ne mai abubuwan kallo ba iyaka. Akwai dalolin Giza, da gunkin nan da Larabawa ke kira Abul Haul, da dalar Saƙƙara. Akwai tsohon gidan kayan tarihi na tsakiyar gari, wanda aka buɗe a 1902, da sabo na kusa da Giza. Akwai ganuwar da Salahuddini ya fara ginawa a 1176, da masallacin Muhammadu Ali a cikinta. Akwai masallacin Amru ɗan Asi, na farko a ƙasar Masar, da na Azhar, da tsofaffin majami'un Kibɗawa, watau Kiristocin Masar, da kasuwar Khan Halili, da kuma yawon kwalekwale a Kogin Nilu. Wuri 12 ke nan, ba a ko ƙare lissafi ba. Baƙo ya kan dubi wannan jeri ransa ya biya, ya ce wa ɗan jagora, “Duka na ke so.”

Amma bari a yi lissafi irin na aji huɗu. A ce jirgi ya tsaya da ƙarfe 7 na safe, zai tashi da ƙarfe 10 na dare. Sa'a 15 ke nan. A cire sa'a 6 ta zuwa da komowa, saura 9. A cire sa'a 1 ta fita daga tasha da duba takardu, saura 8. A cire sa'a 1 ta cin abinci da salla da hutawa, saura 7. Alƙahira da kewayenta mutanenta sun fi miliyan 20, motoci kuwa sun cika tituna maƙil, saboda haka a cire sa'a 2 ta zirga-zirga cikin gari, saura 5. A cire kuma sa'a 1 ta ko-ta-kwana, don taya ta kan fashe, hanya ta kan cushe. Abin da ya rage wa baƙo na kallo sa'a 4 ce tak, watau minti 240. In ya raba wa wuri 12, kowane wuri ya sami minti 20. In ya raba wa wuri 3, kowane ya sami minti 80.

Me mutum zai yi da minti 20 a gaban dalar Giza? Zai sauka daga mota, ya yanki tikiti, ya ɗaga kai, ya ce, “Kai, wannan abu da girma ya ke!” Ya juya mata baya a ɗauke shi hoto, direba ya yi masa ƙaho, ya koma mota. Abin da ya samu bai fi abin da yaro ya ke samu a hoton littafi ba, sai dai ƙarin ƙura da gajiya.

Mai minti 80 kuwa yana da sararin matsawa kusa. Wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa da a ke yi a Kano a da, ya san siffar abin: faɗi a ƙasa, tsini a sama. Amma wannan ta dutse ce, an kuwa gina ta wajen shekara 4,500 da suka wuce, don ta zama kabarin wani Fir'auna mai suna Kufu. Tsawonta da fari ya kai mita 146, yanzu ya ragu zuwa wajen 138, don kanta ya zube. Kowane gefe nata a ƙasa mita 230 ne, wanda ya kewaye ta da ƙafa ya yi tafiyar kusan kilomita guda. Masana sun ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun kai 2,300,000. Da mutum zai ƙidaya su, dutse guda kowace daƙiƙa, ba barci ba hutawa, sai ya yi kwana 26 bai gama ba. Shekaru fiye da 3,000 ba a yi wani gini a duniya da ya kai ta tsawo ba.

Mai natsuwa zai lura da abin da mai sauri ba ya gani. Zai ga kamar dala ta biyu, ta Kafra ɗan Kufu, ta fi ta ubansa tsawo. In ya tambaya, sai a gaya masa ba ta fi ba, a kan tudu ta ke. Zai ga kanta sumul, ƙasanta kuwa hawa hawa kamar matakala. In ya sake tambaya, sai a ce masa da can dalolin nan biyu an lulluɓe su da farin dutse mai santsi, daga baya mutane suka ɓamɓare shi suka yi gine-gine, ɗan abin da ya rage ke nan a can sama. Zai gangara wajen Abul Haul, mai jikin zaki da kan mutum, ya tarar ba jera duwatsu aka yi aka gina shi ba, daga dutsen wurin aka sassaƙa shi, tsawonsa mita 73, tsayinsa wajen mita 20.

Tambaya kuwa ita ke jawo tambaya. Su wa suka yi wannan aiki? Ina suka samo farin dutsen? A 1990 aka gano kaburburan ma'aikatan kusa da dalolin, aka kuma tono unguwar da suka zauna, har da wuraren da a ke gasa musu gurasa. A 2013 kuma, a bakin Bahar Maliya, aka tsinci waɗansu tsofaffin takardu na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. A ciki ya rubuta aikinsu rana rana, yadda su ke loda farin dutse a jirgi daga Tura, a ƙetaren Nilu, su kai shi Giza. Wanda ya ji wannan yana tsaye a gindin dala, dutsen ya daina zama dutse kawai a idonsa. Ya san hannun mutane ne ya ɗauko shi, mutane masu jin yunwa da gajiya kamar kowa, masu shugaba da ke rubuta lissafi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai mai lokaci ke tambaya.

Wuri na biyu da ya cancanta shi ne sabon gidan kayan tarihi, wanda aka yi bikin buɗe shi a 2025. Yana kusa da dalolin, wajen kilomita 2 ne tsakaninsu, saboda haka ba a ɓata lokaci a hanya. Ya kuma dace da tsakar rana, sa'ad da zafi ya hana tsayawa a fili. Da shiga sai baƙo ya yi kiciɓis da gunkin Fir'auna Ramsis na Biyu, mai tsayin mita 11. A cikin gidan nan aka tara kayan wani yaron sarki mai suna Tutankamun, wanda ya hau gadon sarauta yana da wajen shekara 9, ya mutu bai cika 20 ba. Wani Bature mutumin Ingila, Howard Carter, shi ya gano kabarinsa a 1922, aka sami kaya fiye da 5,000 a ciki.

A nan ma sauri hasara ne. Mai gaggawa ya kan nufi fuskar zinariyar nan da aka rufe gawar sarkin da ita, ya leƙa ta bayan kawunan mutane, ya fita. Mai natsuwa ya kan ga takalman yaron, da gadonsa, da kujerarsa, da sandunansa, da allon wasan da ya ke yi, mai kama da dara. Nan ne zai gane, ashe mai wannan zinariya duka yaro ne kamar ɗan makaranta, ya yi wasa, ya yi ciwo, ya mutu ya bar ta. Ba wanda zai iya duba kaya 5,000 cikin minti 80. Amma wanda ya dubi goma da kyau ya fita da abin da zai daɗe yana tunawa.

Wuri na uku shi ne masallacin Azhar. Daga Giza sai an ƙetare Nilu zuwa gabas, a shiga tsohon gari. Wani sarkin yaƙi mai suna Jauhar shi ya kafa Alƙahira a 969, ya fara ginin masallacin a 970, aka yi salla a cikinsa a 972. Ba da daɗewa ba ya zama wurin karatu, malami ya jingina da ginshiƙi, almajirai su kewaye shi. Yau shekara fiye da 1,000 ke nan ana karatu da sunan Azhar. Wanda ya tsaya a tsakar masallacin ya ɗaga kai zai ga hasumiyoyin ba iri ɗaya ba ne, don sarakuna dabam dabam suka gina su a zamanai dabam dabam. Akwai ma wata mai kai biyu, ta Sarki Guri, ta farkon ƙarni na 16.

Bahaushe ko Babarbare da ya zo nan ba baƙo ba ne sosai. A da an keɓe wa almajiran kowace ƙasa masaukinsu a Azhar, a cikinsu har da na mutanen Barno. Tafsirin nan na Jalalaini da a ke karantawa a garuruwan Hausa da azumi, malamai biyu na birnin nan suka rubuta shi, Jalaluddini Mahalli da almajirinsa Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Suyuɗin nan har wasiƙar nasiha ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Wanda ya san wannan, in ya zauna a inuwar ginshiƙi ya huta, ya san akwai tsohuwar hanya tsakanin garin nan da garinsu. In lokaci ya rage kuma, kasuwar Khan Halili ga ta nan ƙetaren titi, ya shiga ya sayi tsaraba.

Wani zai ce, “Af, wannan magana ta mai kuɗi ce, wanda zai iya komowa baɗi. Mutum ya yi shekaru yana tara guzuri, ya ƙetare teku, watakila ba zai sake zuwa ba har abada. Yaya za a ce ya wuce ganuwar Salahuddini bai shiga ba? Ai da babu gara ba daɗi.” Wannan magana tana da ƙarfi, ba a raina ta ba. Gaskiya ne akwai zafi mutum ya hangi abu ta tagar mota ya wuce shi. Amma dalilin nan nasa shi ne ma ya fi nuna a natsu. Wanda zai komo baɗi, in ya yi kallon banza bana, yana da damar gyarawa. Wanda ba zai komo ba, yinin nan guda shi ne rabonsa duka. In ya yayyanka shi gutsu gutsu har 12, ba wani gutsure da zai ƙosar da shi. Bayan shekara guda masallatan duk sun cakuɗe a kansa, ba ya iya cewa wannan hoto a ina aka ɗauka. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyu.

Wani kuma zai ce ba kowa ne dala da gidan tarihi da Azhar suka dama ba. Wannan daidai ne. Ba a ce lalle sai waɗannan uku ba. Mai son gini ya zaɓi ganuwa da masallatai. Kirista ya fi son ya ga majami'un Kibɗawa, waɗanda su ke cikin mafiya tsufa a Afirka. Wanda jirginsa ba zai daɗe ba, ya haƙura da Alƙahira ɗungum, ya tsaya Iskandariyya ya dubi ganuwar Sarki Ƙaitabai, wadda aka gina a inda tsohuwar hasumiyar haska jirage ta ke a da, da sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Kowa da abin da ransa ke so. Amfanin shata ke nan. Abin da ba ya sakewa shi ne lissafin sa'a, don rana ba ta ƙara tsawo saboda kwaɗayin baƙo.

In mutum ya yarda da wannan, akwai abu uku da za su taimake shi. Na fari, ya yi shiri tun yana gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ya karanta labarin wuraren da ya zaɓa, ya rubuta tambayoyinsa a takarda. Ido ba ya ganin abin da zuciya ba ta san da shi ba. Wanda bai taɓa jin sunan Merer ba, ba zai tambayi inda farin dutse ya fito ba.

Na biyu, ya yi magana da ɗan jagora a fili tun kafin mota ta tashi. 'Yan jagora da yawa mutanen kirki ne, masu ilmi, sun yi shekaru suna karatun tarihin ƙasarsu. Amma akwai waɗanda su kan karkata da baƙo zuwa kantin turare ko na tsaraba, don mai kanti yana ba su la'ada. Sa'a guda ta kan salwanta a nan. Baƙo ya ce da ladabi, “Ga wuri uku da na ke so, ga lokacin da za mu juya.” Ya kuma girmama wurin da ya je: an hana hawan dala, ba a rubuta suna a jikin tsohon gini, ba a shiga masallaci da takalmi, ba a ɗaukar mutum hoto sai da izininsa.

Na uku, ya riƙe agogo. Ya yanke lokacin juyawa tun da safe, in ya yi, ya tashi ko da abin kallo ya fi zuma daɗi. Gara ya iso tasha ya zauna sa'a guda yana kallon ruwa, da ya iso ya hangi fitilun jirgi suna nisa.

A ce matafiya biyu sun komo jirgi da dare, kowa da shatarsa. Na ɗaya ya je wuri 12, hotunansa sun fi 300, ƙafafunsa sun kumbura, da ƙyar ya riski jirgi ana shirin janye tsani. Na biyu ya je wuri 3, ya komo da sauran lokaci, ya yi wanka ya ci abinci. Da suka koma gida yara suka kewaye su. Aka tambayi na ɗaya, “Baba, yaya dala ta ke?” Ya ce, “Babba ce ƙwarai.” Aka ce, “Wa ya gina ta?” Ya ce, “Mutanen da.” Magana ta ƙare. Na biyu kuwa aka kwana uku ana hira, yana ba da labarin Merer da jirginsa na dutse, da takalman yaron sarki, da wasiƙar da ta taso daga Alƙahira ta zo Katsina. Kuɗin motarsu ɗaya, yininsu ɗaya, amma tsarabar ba ɗaya ba.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji. Duka gaskiya ne, amma ga wanda ya tsaya ya gani. Ba sai an je Masar a ke koyon wannan hali ba. Ran da malami ya kai 'yan ajinsa kallon wani tsohon gini na garinsu, ko ganuwa, ko marina, yaron da ya tsaya wuri guda ya duba, ya tambaya, ya rubuta, shi ne zai fi na masu guje-guje abin faɗi in an komo aji. In ya girma Allah ya kai shi tashar Iskandariyya da yini guda a hannunsa, ya riga ya san yadda zai kashe shi.